Kafin a Kira Magini

Da kaka ta yi, kuɗin amfanin gona suka shigo hannu, sai ka ga magidanta daga Tambuwal har Kebbe sun tashi ƙarin ɗaki. Abin takaici, galibi da baki ake ƙulla jinga, ba takarda ba shaidu, alhali aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, kuma kafin alƙalamin da ake ba magini nauyi ne a wuyansa har ya gama aiki.

Ya ɗan'uwa, a ra'ayinmu ka sayi siminti da rodi da kanka, ka yi jingar aikin hannu kaɗai. A 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ko da yake ga masana'anta nan a Kalambaina. Wanda ya yi jinga haɗe da kaya a tsohon farashi, ko dai magini ya gudu, ko ya rage siminti a bulo, damina ta tona asiri.

Amma babbar fitinar tana gidan gado. Kada a haƙa harsashi a filin da ba a raba ba, sai magada, har da mata, sun yarda a rubuce. A kuma duba da maƙwabci inda indararo zai zuba da inda taga za ta leƙa.