Rabon zangon sadarwa: a nemi shawarar masanan da ba su da rumfa a kasuwar

Jama'a, duk wanda ya taɓa sayar da albasa a Sabon Gida ko Madawa ya san cewa yanzu salula ita ce dillali na farko. Kafin a ɗaure bakin buhu sai an kira Kwatano ko Abijan an ji farashi. Haka mai ƙuli-ƙuli a Tamaske ko mai hura a Karofan, da yawa daga cikinsu da salula suke samun labarin kuɗin da ɗa ko miji ya turo daga ci-rani. To amma mutum nawa ne a ƙauyukan Buza da Keita sai sun hau tudu ko dutse kafin rezo ya shigo? Ranar da rezo ya ɗauke, ciniki ne ya ɗauke.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, maganar da ke fita daga salula tana bin wata hanya ce a cikin iska, wadda ake kira zango. Zangon nan dukiyar ƙasa ce, kuma yana da iyaka kamar filin kasuwa: in an ba wani rumfa, ba a ba wani ita. A Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 ta gaji ARTP, ita ce sarkin wannan kasuwa. Kuma rumfar ba ta arha ba ce, domin a 2018 kamfanin Airtel ya biya miliyar 12 na sefa kafin ya samu lasisin 4G.

Zanguna kuwa ba ɗaya ba ne. Na ƙasa-ƙasa, irin su 700 da 800 MHz, suna cin nisa, suna kuma jure wa tudu da bango. Na sama suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa, sun fi dacewa da birni irin Yamai. Ƙasar Adar kuwa duwatsu ne da kwaruruka, daga Majiya har Tarka. Ke nan hukuncin da ake yankewa a ofis kan wane zango za a ba wa, da wane sharaɗi, shi ne ke sa ƙauyenka ya samu rezo ko ya rasa.

To wa ke ba hukuma shawara a kan wannan? Kamfanoni suna da injiniyoyi da lauyoyi masu kare musu riba, kuma ba laifi ba ne. Baitulmali yana son kuɗin lasisi su yi yawa. Mai tallar goro fa, wa ke magana da bakinta? Ai a kasuwa ma ba a barin mai hatsi shi kaɗai ya shaidi tiyarsa.

Ra'ayina shi ne a kafa kwamitin masana masu zaman kansu, waɗanda ba su cin albashin wani kamfani, su riƙa ba ARCEP shawara kan rabon zango. Ba baƙon abu ba ne: hukumar sadarwa ta Ingila, Ofcom, ta kafa irinsa tun 2004. Muna da malamai a Jami'ar Abdu Mumuni da Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, da tsofaffin ma'aikatan sadarwa da suka san ƙasar nan lungu-lungu. A sa wakilin ƴan kasuwa da wakiliyar mata a ciki. Kowane mamba ya bayyana in yana da hannun jari a wani kamfani, kuma duk shawarar da suka bayar a karanta ta a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajaƙ da Fulatanci.

Wani zai ce ai hukuma tana aikinta, tunda a 2023 ta ci tarar kamfanoni huɗu sama da miliyar 4 saboda rashin ingancin aiki. Gaskiya ne, kuma mun yaba. Amma tara bayan ɓarna take zuwa, ba ta maida wa manomi albasar da ta ruɓe yana jiran mai saye. Tun ran gini ake zane. Tun wajen ba da lasisi ya kamata a rubuta cewa wanda ya samu zango mai cin nisa dole ya kafa ƙarfen rezo a ƙauyuka kaza cikin shekara kaza, in ya kasa a karɓe. A kuma duba lamarin garuruwan bakin iyaka irin su Bangi, domin iska ba ta san iyaka ba, sai an zauna da hukumar Nijeriya an daidaita zanguna.

Ƴan kasuwa, ku da ƙungiyoyinku kuna da baki. Yadda kuke zuwa ku yi magana kan patanti da kuɗin rumfa, haka ya kamata ku kai wannan kuka gaban hukumomin Madawa, Buza da Keita, a rubuce, da sunayen ƙauyukan da rezo bai kai ba. Kuɗin katin da kuke sa wa salula kullum su ne ke riƙe da kamfanonin nan, saboda haka haƙƙinku ne kuke nema.

Allah ya ba shugabanninmu ikon jin shawara ta gari, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.