Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa malamai, da wuya a samu ɗaya daga cikinmu da bai tsaya layin tantancewa ba a 'yan shekarun nan. Daga Kiru zuwa Bebeji, daga Tudun Wada har Riruwai can ƙarshen Doguwa, an ɗauki hotunanmu da zanen yatsunmu, an shigar da takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma cikin kwamfuta. Haka kuma ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da sakamakon ɗalibai duk sun kama hanyar komawa cikin na'ura. Wannan ci gaba ne, kuma muna maraba da shi. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: idan ma'aikatan tantancewa suka naɗe wayoyinsu suka tafi, ina bayanan nan suke kwana, wa aka ɗora wa nauyin tsaronsu, kuma har shekara nawa? Ra'ayina shi ne kada ƙungiyarmu ta ƙara yarda da wani aikin tattara bayanan malamai sai an rubuta amsar wannan tambaya ƙarara a cikin yarjejeniyar aikin.

Mu fara da lissafin shekaru. Bisa ƙa'idar da aka saba, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wa malamai wannan iyaka zuwa shekara 40 ta aiki ko 65 ta haihuwa. Bayan ritaya ga fansho, wanda mai tsawon rai zai iya shekara 20 yana karɓa, bayan rasuwa kuma ga haƙƙin magada. Ke nan fayil ɗin matashin da aka ɗauka aiki bana yana bukatar ya rayu shekara 50 ko 60. To, kwamfutar ofis shekara nawa take yi kafin ta gaji? Kwangila takan ƙare cikin shekara biyu ko uku, wa'adin gwamnati shekara huɗu ne. Fayil ɗin malami dole ya binne kwamfutoci da yawa, ya ga bayan 'yan kwangila da gwamnatoci masu yawa, yana nan da ransa.

Dattawan cikinmu shaida ne kan yadda ragamar ilimin firamare ta yi ta sauya hannu. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, aka sake dawo da ita a 1993. A 1991 ɗin nan ne kuma aka cire Jigawa daga Kano, aka raba ma'aikata da fayilolinsu. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta zo a 2004, daga nan aka sami hukumomin SUBEB a jihohi. Duk wanda ya kama alli kafin 1990 ya ga wannan ƙaura da idonsa, kuma kowa ya san ba a ƙaura ba a bar wani abu a tsohon gida ba. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa sauye-sauye sun ƙare.

Wani zai ce ai dalilin shigo da kwamfuta ke nan, don a huta da gara da ɗigar rufi da gobara. Gaskiya ne takarda tana da maƙiya. Amma takarda a hankali take mutuwa, ana kallonta, har a samu damar ceto ta. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, har yau mai bincike yana iya karanta rahotannin gundumomin lardin Kano da aka rubuta fiye da shekara ɗari da suka wuce. Bayanin na'ura kuwa mutuwar farat ɗaya yake yi, ba gargaɗi: jiya yana buɗewa, yau ya ƙi. Wa yake da injin da zai karanta ƙaramin faifan nan mai kusurwa huɗu da ake yayi a ofisoshi kafin zuwan filashi? Ko faifan sidi ma, sababbin kwamfutoci da yawa ba su da ramin sa shi.

Abin da ya faru a Ingila ya isa darasi, domin aikin 'yan makaranta ne. A 1086 aka rubuta kundin ƙidayar filaye da dukiyar ƙasar, wanda ake kira Domesday, a kan fata. Da kundin ya cika shekara 900, a 1986, sai BBC ta shirya irinsa na zamani. Makarantu dubbai suka shiga, yara suka rubuta labarin garuruwansu, aka zuba komai a faifai na musamman da ke bukatar injinsa na musamman. Kafin a yi shekara 20 injinan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002 kafin a sake ganin abin da ke ciki. Kundin fata kuwa yana nan a Landan ana karanta shi. Idan haka ta sami masu kuɗi da wutar lantarki ba yankewa, ina ga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma?

Amma lalacewar inji ƙaramin haɗari ne idan aka kwatanta da raunin yarjejeniya. Yawancin irin wannan aiki kamfani ake bai wa, ko kuma ya zo cikin shirin tallafi mai wa'adi. Kamfanin yakan ajiye bayanan a rumbun intanet da yake biyan haya duk wata, cikin tsarin da manhajarsa kaɗai ke iya buɗewa. Ranar da kwangila ta ƙare, ko aka sami saɓani kan biyan kuɗi, haya ta tsaya, rumbu ya rufe. Wani lokaci kuma mabuɗin sirrin yana kan jami'i ɗaya tak, a yi masa canjin wurin aiki ko ya riga mu gidan gaskiya. Zanen aro ba ya rufe katara. Idan yarjejeniya ba ta ce bayanan na gwamnati ne ba, ba ta kuma faɗi ranar miƙa su da wurin da za a kai su ba, to babu wanda za a kama da laifi ranar da suka salwanta, sai malami ya biya da guminsa.

Mu da muke zaune a bakin Tiga ba ma bukatar dogon bayani kan ma'anar ajiya. An gina madatsar nan tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, don a tare ruwan damina a ci moriyarsa da rani a Kadawa da Kura. Waɗanda suka yi ginin sun daɗe da tafiya, amma ruwa bai daina zuwa gonaki ba, saboda akwai hukuma tsayayya, ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka ɗora wa kula da ita. Tattara bayanai gini ne na lokaci ɗaya. Adana su aiki ne na kullum, yana son mai shi da kasafinsa.

Saboda haka ga abin da nake ganin reshenmu ya kamata ya kai wa uwar ƙungiya ta jiha, ita kuma ta gabatar wa SUBEB da ma'aikatar ilimi da hukumar amintattun asusun fansho. Na farko, a rubuta cewa bayanan mallakar gwamnati ne, kamfani ɗan amana ne kawai. Na biyu, kada a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila sai an miƙa cikakken kwafi ga ma'ajiyar gwamnati mai ɗorewa, an buɗe shi a gaban shaidu, ciki har da wakilin ƙungiya. Na uku, a miƙa su cikin tsarin da kowace kwamfuta ke iya karantawa, irin PDF/A da aka tanada musamman don dogon adani, tare da bayanin abin da kowane fayil ya ƙunsa. Na huɗu, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari dabam, a riƙa gwada buɗe su duk shekara ana mayar da su kan sababbin na'urori. Na biyar, a ƙayyade shekarun adani, kada su gaza tsawon aikin malami da fanshonsa da haƙƙin magadansa. Na ƙarshe, a bai wa kowane malami bugaggen kwafin abin da aka shigar game da shi, da hatimi, ya duba ya sa hannu.

Za a ce wannan zai ci kuɗi. Zai ci, amma bai kai kuɗin sake tantance dubban malamai daga tushe ba, balle kwanakin karatu da ake asara duk lokacin da aka kwashe mu daga aji zuwa layi. Za a kuma ce tara bayanan mutane wuri ɗaya yana da haɗarin tonon asiri. Wannan damuwa ce mai tushe, kuma maganinta yana cikin yarjejeniyar: a faɗi wanda ke da izinin dubawa. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanai tsare su, ta kuma bai wa mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure. Wanda aka sauya wa ranar haihuwa da kuskuren yatsa ɗaya ya san darajar wannan dama.

Mu tuna, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi mai ajali da kafa masa shaidu ta sauka. Fansho da garatuti bashi ne mai ajali a wuyan hukuma, rubutun da ba a iya karantawa ranar biya kuwa bai yi aikin da aka yi shi dominsa ba.

Kafin a kai ga manya, akwai namu. Kowa ya tattara takardar ɗaukarsa aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma da canjin makaranta, ya yi kwafi ya ajiye ɗaya a wani gida, ya kuma sanar da iyalinsa inda suke. Shugabannin makarantu kada su yar da rajistar shiga da littafin tarihin makaranta don an ce komai ya koma kwamfuta, domin yaron da ke aji ɗaya yau zai iya dawowa neman shaida bayan shekara 30. Reshe kuma ya sa wannan batu cikin ajandar taronsa na gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar ritaya kuwa kowannenmu yana da tasa. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya kai mu ga cin guminmu.