Ba Takarda Ke Kora Shanu Ba

Jama'a, akwai wani zalunci da ya daɗe a kasuwannin dabbobi na Hartum da Omdurman, kuma lokaci ya yi da za mu kira shi da sunansa. Yaro zai koro shanu da ƙafa tun daga Niyala ta Darfur har kasuwar Muwailih da ke yammacin Omdurman, tafiyar makonni cikin rana da ƙishirwa. Ran biya sai maigida ya tuna wai yaron ba shi da jinsiyya, wato takardar ɗan ƙasa. Sai sallama hannu rabbana. In ya ɗaga murya a yi masa barazana da 'yan sanda. To, ran da aka ɗauke shi aiki, ina aka tambaye shi takarda?

Su wa ake kira baƙi? Yawancinsu Hausawa da Fulani ne da ake ce wa Fallata. Kakannin wasunsu sun bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna bakin Shuɗin Nilu. Da guminsu aka noma audugar Jazira tun 1925. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi shaidar cewa zuriyar mutum na Sudan tun ƙarshen 1897. Makiyayin da aka haifa a ruga, ina zai samo wannan shaida?

Mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle, aka kori 'yan Kudu daga aikin gwamnati, har da haifaffun Hartum. Bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, hukumomin jihar Hartum sun ba baƙi kwana 15 su fice a Yulin 2024. Duk sanarwa irin wannan, azzalumin maigida riba yake gani a cikinta.

Dokar ƙwadago ta 1997 ta ba wanda ya cika shekara 3 a aiki kuɗin sallama, albashin wata ɗaya kan kowace shekara. Sai dai ta tsame yawancin ma'aikatan gona da 'yan aikin wucin gadi. Ke nan an bar mai kora da mai kiwo a waje. Alhali yarjejeniya ta 143 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1975, ta tanadi cewa ko baƙo marar izini yana da haƙƙin ladan aikin da ya riga ya yi. Maganar shige da fice tsakanin mutum ne da hukuma. Lada kuwa bashi ne a wuyan maigida.

Mu ma 'yan kasuwar dabbobi kada mu wanke kanmu, domin a cikinmu akwai masu yin haka. Saboda haka muna kira a yanke lada gaban dillali da shaidu biyu kafin garke ya tashi, a rubuta. Wanda za a sallama a biya shi cif kafin ya bar kara. Maigidan da ya ci haƙƙin yaro da sunan rashin takarda, shugabannin kasuwa su hana dillalai taɓa shanunsa har sai ya biya.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, amin.