Hoton da ba a wanke ba, aro ne

Ƴan uwana ɗaliban FULafia, yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji.

Jiya a Gandu na tarar ana yi wa wani ɗan ajinmu dariya, wai ya je ya wanke hotunansa baƙi da fari kamar tsoho. To ku masu kala, ina hotunanku na ajin farko? An sace waya, memori ya lalace, shi ke nan sun bi ruwa. Amma hoton auren kakarka yana nan cikin adaka, har adon zanenta kana gani.

Malick Sidibé na Bamako da irin waɗannan hotuna ya karɓi kyautar Zakin Zinare a Venice a 2007. Haske da inuwa kawai, ba filtar nan mai goge fuska har hanci ya ɓace.

Ban ce sai ka sayi kyamara mai tsadar gilashi ba. Rage kuɗin data, zaɓi hoto biyar ka kai a wanke maka. Ranar da ɗanka zai ce "Baba, nuna min abokanka na jami'a", kar ka ce suna tsohuwar waya.