Lilon Adjekoria da jirgin da ba ya kai ƙarshen layinsa

A makon jiya ɗan ƙanena, wanda ke karatu a kolej, ya miƙo mini waya a ƙofar gida a Adjekoria ya ce, "Baba, dubi wannan." Bidiyon jirgin wasa ne na Amurka, irin wanda suke kira rola-kosta. An harba shi kamar kibiya, ya kama wani layin ƙarfe da ya miƙe tsaye, sai ya tsaya bai kai ƙarshe ba, ya dawo da baya. Yaron ya ce ai inji ne ya gaza. Na ce masa haka aka ƙera shi.

Jirgin nan shi ne Superman na filin wasan Six Flags Magic Mountain a Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1997 aka daina aiki da shi a 2024. Tsayin hasumiyarsa mita 126 ne. A lokacin da yake aiki, maganaɗisu ke tura shi har ya kai gudun kilomita 160 a awa cikin daƙiƙa 7. Daga nan babu mai tura shi kuma, ƙarfin da ya ɗebo a ƙasa shi zai yi guzuri da shi a hawa. Gudun nan mita 44 ne a daƙiƙa. A ninka 44 da kanta, a raba da 19.6, wato ninki biyu na jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, sai a sami kusan mita 100. Sauran layin da gangan aka bar shi, don ranar da gudun ya zarce ƙa'ida kada jirgi ya kai baki da mutane a ciki.

Akwai kuma Kingda Ka na New Jersey, da aka buɗe a 2005 aka rushe a 2025. Shi dole ne ya haye ƙololuwar mita 139. Gudunsa na kilomita 206 a awa ya isa ya kai shi mita 167 a kan takarda, amma iska da gogayyar taya suna cin rabonsu, ana kuma son ya haye da ɗan saura. Idan an yi sanyi ko iska ta taso masa ta gaba, wani lokaci yakan kasa, ya gangaro da baya, birkin maganaɗisu ya tare shi.

Abin da ya dame ni shi ne yaron nan ya haddace wannan lissafi da Faransanci, ya rubuta shi a jarrabawa, amma da ya gan shi da idonsa bai gane shi ba. Alhali ƙannensa suna lilo a reshen dogon yaro kullum, sun kuma san idan aka daina turi lilo yakan rage tashi har ya tsaya. Ɗan kabu-kabu ya san tudun yashi daga nesa ake ɗauko masa gudu. Abin da ba a taɓa gaya masa ba shi ne idan gudu ya ninka biyu, tsayin da za a hau yakan ninka huɗu, haka ma nisan da birki ke buƙata kafin babur ya tsaya. Wannan magana ce ta rai a kan hanyar Dakoro zuwa Maradi, kuma ta cancanci a faɗe ta da Hausa a cikin aji. Ina roƙon malamanmu su fito da yara tsakar makaranta, igiya da guga sun wadatar.

Mu ma abin da muka yi ke nan da la'asar. Muka cika guga da yashi, muka rataye shi a reshe, na sa yaron ya jawo shi har haɓarsa ya sake, kada ya tura, kada ya motsa. Gugan ya tafi, ya juyo kansa, ƙannensa suka rufe ido. Ya tsaya saura kamar taƙi ɗaya ya taɓa shi, a karo na biyu kuma bai ma kai nan ba.