Maganin Kuturta Sai An Sha Har Ƙarshe

'Yan'uwana ɗalibai, kuturta ba la'ana ba ce, ba kuma gado ba ce. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Wannan ƙwaya ba ta yarda ta tsiro a kwalbar ɗakin bincike, shi ya sa gwada magani a kanta ya yi wuya ƙwarai. Sai a 1960 aka samu dabarar raya ta a tafin ƙafar ɓera.

Abin alfahari, a ƙasarmu aka yi babban gwaji. A Uzuakoli, likita John Lowe ya nuna cewa shan ƙwayar dapson kaɗan-kaɗan yana warkarwa, ya kuma bayyana sakamakonsa a 1950. Amma da aka daɗe ana shan dapson shi kaɗai, wasu suna sha suna fashi, sai cutar ta fara gagararsa. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da rifamfisin da kilofazimin. Tun 1995 kyauta ake ba da su, na wata 6 ko wata 12.

To, a ganina matsalarmu a ƙasar Bagudo ita ce fashi. Masunci ya fara shan magani, sai ya bi kogin Kwara. Ɗan kasuwa ya tsallaka ta Lolo ko Tsamiya ya shiga Binin, sai bayan wata 3 a gan shi. Wani kuma da ya ga fitsarinsa ya yi ja, ko fatarsa ta yi duhu, sai ya tsorata ya daina, alhali aikin maganin ne, kuma yana wucewa. Ya kamata ma'aikatan lafiya na ɓangarorin biyu su san da juna, a kuma ba matafiyi guzurin maganinsa kafin ya tashi.

Mu ma muna da namu aikin. In mun je hutu muka ga mai tabo a fata wanda ba ya jin taɓawa a wurin, mu raka shi asibiti, kada mu guje shi. Wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa cutar, amma yatsan da ya riga ya gutsure ba ya dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.