Albashi da Rumbu

A 2024 Gwamnatin Kebbi ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 75,000, amma har yanzu mukan ji malaman makaranta da akawuna na Gwandu da Kalgo suna kukan wata ya yi musu nisa. Akwai tsada, ba mu musa ba. Amma fa wanda ya fara cin bashin mai kanti tun goma ga wata, ƙari ba ya fisshe shi. Shawararmu, kowa ya roƙi uwar adashi ta sa kwasarsa ta faɗo da kaka, ya sayi gero da shanshera sa'ad da suke da araha. Ba na ciniki muke nufi ba, gama farashi yakan juya. Na cin iyali ne, wanda zai kai su bazara.